Bayan Wuƙar Likita: Kumburin Hannu da Sandarewar Kafaɗa ga Masu Sankarar Mama



Idan aka yi zancen sankarar mama, watau ciwon dajin nono, galibi hankalin mutane yakan tsaya ne a kan abu biyu: yadda za a gane ciwon da wuri, da kuma yadda za a yi aikin cire shi. Haƙiƙa waɗannan su ne kan gaba. Amma maƙasudin wannan lacca shi ne mu dubi abin da ke biyo bayan aikin, sa'ad da likita ya ajiye wuƙarsa, aka warware ɗinki, 'yan dubiya suka watse, mace ta koma ɗakinta da hannun da ba ya ɗaguwa, ko kuwa hannun da ke ta ƙara nauyi kullum. Abin da nake so in tabbatar a yau shi ne, jinya ba ta ƙare ba sai hannun nan ya koma bakin aikinsa, kuma yawancin abin da ake bukata domin haka bai fi ƙarfin asibitocinmu da gidajenmu ba.

Girman al'amarin

Bisa ƙiyasin hukumar binciken ciwon daji ta Majalisar Ɗinkin Duniya, a shekarar 2022 mata wajen miliyan 2.3 ne aka samu da sankarar mama a duniya, fiye da 32,000 daga cikinsu a Nijeriya. Wani babban nazari da aka buga a 2013, wanda ya tattara bincike-binciken ƙasashe da dama, ya nuna cewa kimanin mace ɗaya cikin biyar da aka yi wa jinyar wannan ciwo takan sami kumburin hannu. Ya kuma nuna cewa wadda aka kwashe wa kaluluwar hammata ta fi wadda aka cire wa 'yan ƙwayoyi kaɗan shiga wannan haɗari har kusan ninki huɗu.

Wannan batu na ƙarshe ya shafe mu ƙwarai. Tun daga shekarun 1990 likitocin Turai da Amurka suka soma cire ƙwaya ɗaya ko biyu kawai daga hammata domin gwaji, in ba a ga daji a ciki ba a bar sauran. To, amma wannan dabara ta mai zuwa asibiti da wuri ce. Mafi yawan matanmu ba sa isa gaban likita sai ciwo ya yi nisa, ya riga ya kama hammata, ba makawa sai an kwashe, sau da yawa kuma a bi da haskawa da na'urar ƙona daji. Ashe ke nan matsalar hannu ta fi kusa da matan Zamfara bisa ga matan ƙasashen da aka yi yawancin binciken.

Domin kada maganar ta tsaya a kan alƙaluma, mu ƙaddara wata mace daga Furfuri ta ƙasar Bunguɗu, mai shekara 45, mai 'ya'ya da sana'ar ƙuli-ƙuli. An yi mata aiki a Gusau, aka tura ta Sakkwato ko Zariya domin haskawa, tafiyar kilomita wajen 200 ko wace fuska aka bi. An sayar da tumaki da hatsi kafin a kammala. Ta dawo gida, kowa na barka. Bayan wata uku ba ta iya ɗaura ɗankwali sai an taimake ta, ba ta iya ɗaga taɓarya, ba ta iya jan guga, ko kabbarar salla da ƙyar hannun ke kaiwa kafaɗa. Bayan shekara guda zobe ya ƙi fita daga yatsa. A takardar asibiti an yi nasara. A tsakar gida kuwa sana'a ta tsaya, kuma ba a rasa mai cewa son jiki ne. Wannan mace ita za mu riƙa tunawa har ƙarshen magana.

Yadda kumburin ke samuwa

Ban da jijiyoyin jini, akwai waɗansu ƙananan hanyoyi a jikin ɗan Adam masu kwashe wani ruwa garai-garai da ke tsattsafowa daga jini zuwa cikin tsoka da ƙarƙashin fata. Likitoci na kiran wannan ruwa limf. Hanyoyin sukan bi da shi ta cikin waɗansu 'yan ƙwayoyi masu tace shi, su kama ƙwayoyin cuta, sa'an nan a mayar da shi cikin jini a gindin wuya. Waɗannan 'yan ƙwayoyi su ne Bahaushe ya sani da kaluluwa, domin yakan ji su sun taso a hammata ko a matsematsi idan ya yi gyambo. A hammata ɗaya akwai tsakanin 20 da 40, kuma ta nan ruwan hannu da na nono duka ke wucewa.

Duk wanda ya ga aikin noman rani na madatsar Bakolori a ƙasar Talatar Mafara ya san yadda babbar magudana ke rarraba ruwa zuwa ƙanana. Idan aka toshe babbar, ruwa ba ya fasa zuwa, sai dai ya kwanta a gona. Haka hannu yake bayan an kwashe kaluluwa ko haskawa ta ƙone hanyoyin. Da fari kumburin na da taushi, in an danna yatsa ya lotsa, in an kwana da hannu a kan matashi ya saɓe. In aka bar shi, ruwan da ke ɗauke da sinadarin furotin yakan sa kitse da tauri su taru, fata ta yi kauri, har hannu ya zama kamar ƙafar mai tundurmi. Wannan kamance ba sabo ba ne. William Halsted, likitan Amurka wanda ya shahara da aikin cire nono tare da tsokar ƙirji da kaluluwa tun ƙarshen ƙarni na 19, shi da kansa a 1921 ya kira wannan kumburi tundurmin da fiɗa ke haddasawa. Bambancin kawai shi ne, tundurmin da muka saba gani tsutsar da sauro ke yaɗawa ce ke toshe hanyoyin, nan kuwa wuƙa da haskawa ne.

Galibi kumburin yakan bayyana cikin shekara biyu zuwa uku na farko, ko da yake yana iya zuwa bayan shekaru masu yawa. Ƙiba da shigar ƙwayar cuta cikin hannu suna ƙara haɗarinsa. Alamominsa na farko ƙanana ne: nauyin hannu, matsewar zobe ko awarwaro ko hannun riga. Ma'aunin tela ya isa a gane shi. A auna hannuwa biyu a wurare guda, a wuyan hannu, da ƙasan gwiwar hannu, da samanta, a rubuta. Bambancin santimita 2 dalili ne na zuwa asibiti.

Yadda kafaɗa ke sandarewa

Gaɓar kafaɗa ita ce mafi yalwar motsi a jiki, kuma tana lulluɓe da wata jaka mai laushi da ke miƙewa duk inda hannu ya nufa. Mace da aka yi wa aiki takan maƙale hannunta a ƙirji saboda zafi da tsoron kada ɗinki ya ɓalle, dangi kuma, don tausayi, su hana ta taɓa kome. Cikin 'yan makonni jakar nan ta soma kumburi daga ciki, ta yi kauri, ta takure. Ga tabon aiki yana jan fata, ga tsokar ƙirji da haskawa ke sa ta taurara har bayan watanni. Waɗansu kuma sukan ji wata jijiya kamar tsarkiya ta miƙe daga hammata zuwa gwiwar hannu a makonnin farko, tana hana hannu miƙewa.

Wani likitan Boston, Ernest Codman, shi ya raɗa wa ciwon sunan daskararriyar kafaɗa a 1934. Yana tafiya mataki uku: lokacin zafi, wanda ya fi tsanani da dare, lokacin ƙagewa, inda zafi ke raguwa amma hannu ba ya ɗaguwa, ba ya juyawa waje, ba ya kaiwa baya, sa'an nan lokacin saki a hankali. Duka-duka yana iya cin shekara ɗaya zuwa uku. Ya fi kama masu shekara 40 zuwa 60 da masu ciwon sukari, kuma shekarun nan su ne dai shekarun yawancin masu sankarar mama a ƙasarmu. Har ila yau matsalolin biyu suna ciyar da juna, domin motsin tsoka shi ke tura ruwan limf gaba. Kafaɗar da ta ƙage tana taimakon kumburi, hannu mai nauyi kuma yana ƙara jan kafaɗa.

Aikin masanin fisiyo

Fisiyo shi ne fannin jinya da ke amfani da motsa jiki, da tausa, da miƙe gaɓoɓi, da naɗi, domin mayar da gaɓa bakin aikinta. Jami'ar Ibadan ta fara ba da digiri a wannan fanni a 1966, yanzu kuma ana koyar da shi a Jami'ar Bayero ta Kano da waɗansu jami'o'in Arewa. Mutanenmu sukan ce da shi gashi ko gashin ƙashi. Sunan na da illa a nan, domin yana sa a zaci zafi ne maganin, alhali kuwa zafi mai tsanani yana ƙara kwararar ruwa zuwa hannun da ba shi da hanyar fitar da shi.

Game da kafaɗa, icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi. Tun kashegarin aiki ake soma dunƙule yatsu da buɗe su, da lanƙwasa gwiwar hannu, da jujjuya kafaɗa a hankali, ba tare da ɗaga hannu ya wuce daidai kafaɗa ba. Bayan kamar mako guda, in an cire robar da ke tsiyayar da ruwan rauni kuma likita ya yarda, sai a shiga ɗagawa sama. Kayan aikin duk suna cikin gida. Ta fuskanci bango, ta riƙa hawa da yatsu kamar tafiyar gizo-gizo, ta sa alama da gawayi inda ta kai, gobe ta nemi wuce wurin. Ta kwanta rigingine ta riƙe muciya da hannu biyu, lafiyayyen hannu ya ja mai ciwo zuwa saman kai. Ta sa hannuwa a ƙeya ta buɗe gwiwoyin hannu. Ta riƙe ɗankwali ta baya kamar mai cuɗa bayanta. Ana yi sau da yawa a yini, kaɗan-kaɗan, har a ji ja amma ba zafi mai sa hawaye ba, a kuma ci gaba watanni bayan an gama haskawa. In kafaɗa ta riga ta ƙage, masanin fisiyo yakan motsa gaɓar da hannunsa bisa ƙa'ida, likita kuma ya ba da maganin zafi, wani lokaci har da allura cikin gaɓar. Finciko hannu da ƙarfi ba ya cikin magani.

Game da kumburi, tushen jinyar ya fito ne daga Turai. Emil Vodder, mutumin Denmak, ya fito da wata irin tausa mai sauƙi a shekarun 1930, daga baya Michael Földi da matarsa Ethel suka haɗa ta da sauran dabaru a Jamus, ta zama tsari mai rukuni huɗu. Na farko kula da fata. Na biyu tausar nan, wadda shafa ce marar nauyi, ana farawa daga wuya da ƙirji a buɗe hanya, sa'an nan a koro ruwan hannu zuwa sassan da kaluluwarsu ke da lafiya. Ba irin matsar da ake yi wa mai gajiya ba ce. Na uku naɗi da bandeji na musamman marar yawan talewa, hawa-hawa bisa auduga, ya fi matsewa a yatsu ya riƙa sassautawa zuwa sama. Na huɗu motsa hannu alhali yana cikin naɗin, domin tsoka ta matsa ruwa tsakaninta da bandeji. Akan yi haka kusan kullum har mako biyu zuwa huɗu, in hannu ya saɓe a koma sa safar hannu mai matsewa wadda aka auna daidai da mai ita, ana sauya ta kamar bayan wata shida. Bincike ya nuna naɗi da safa su ne ginshiƙin aikin, tausa taimako ce. Wajibi ne kuma a gaya wa majinyaciya gaskiya: wannan kumburi ana sarrafa shi ne, ba a cika rabuwa da shi ɗungum ba, amma wanda aka tara da wuri yakan tsaya ƙarami har ba mai lura.

Shekaru da yawa likitoci da kansu suna hana irin waɗannan mata ɗaukar kome mai nauyi. Ilmi ya sauya wannan. A 2009 Kathryn Schmitz da abokan aikinta a Jami'ar Pennsylvania suka gwada mata 141 masu kumburin hannu. Rabinsu suka riƙa ɗaga ƙarfe sau biyu a mako, sanye da safa, ana ƙara nauyi sannu a hankali har shekara guda. Hannuwansu ba su ƙara kumbura ba, ƙarfinsu ya ƙaru, tashin ciwon kuma ya ragu. A 2010 wani gwaji a ƙasar Sifen kan mata 120 ya nuna cewa cikin waɗanda aka fara wa fisiyo da wuri kashi 7 cikin 100 ne suka sami kumburi a shekarar farko, sauran kuwa kashi 25. A 2021 wani gwaji a Ingila kan mata 392 ya tabbatar cewa fara motsa jiki mako guda zuwa kwana goma bayan aiki ya kyautata amfanin hannu, ya rage zafi, bai kuma ƙara matsalar rauni ba. Ma'anar wannan ga matar Furfuri ita ce za ta koma daka da tuƙi da jan guga, amma da tsani: rabin guga kafin cikakke, ƙaramin turmi kafin babba. Sannu ba ta hana zuwa.

Abin da ya kamata a kiyaye a gida

Al'adarmu ce in wuri ya kumbura a nemi wanzami ya yi ƙaho ko tsaga, ko a yi sakiya, ko a gasa da ruwan zafi. Wanzamai da maɗora suna da matsayinsu a cikin jama'a, amma wannan hannu ba nasu ba ne. Ruwan ba a wuri ɗaya ya taru kamar ƙurji ba, yana cikin nama ne kamar ruwa a soso, saboda haka tsaga ba ta fitar da shi, sai dai ta buɗe ƙofa ga ƙwayar cuta a hannun da aka riga aka kwashe masu gadinsa. Haka nan maganin sa fitsari da ake saye a kemis ba ya warkar da shi, ɗaure hannu da tsumma ko roba kuwa ƙara toshe hanya yake yi.

A wanke hannun kullum, a tsane tsakanin yatsu, a shafa man kaɗanya ko wani mai marar ƙamshi, musamman da hunturu sa'ad da fata ke tsagewa. A kiyayi ƙaya, da kaifin kara, da ƙunar murhu, da baƙin lallen da ake haɗawa da sinadari. In an sami rauni kome ƙanƙantarsa a wanke da sabulu a rufe. Allura da awon jini, in da hali a yi a ɗaya hannun, ko da yake binciken baya-bayan nan ya nuna haɗarinsu bai kai yadda ake zato a dā ba, don haka kada tsoro ya hana karɓar magani.

Akwai alamomi uku da ba a kwana da su. In hannu ya yi ja, ya ɗauki zafi, ga zazzaɓi, ƙwayar cuta ce ta shiga, ana bukatar maganin asibiti a ranar, a kuma dakatar da tausa. In kumburi ya zo farat ɗaya da ciwo, yana iya zama gudan jini ne ya toshe jijiya. In kafaɗa ko ƙashi na ciwo dare da rana ba sassauci, ko wani sabon ƙullutu ya fito, sai likita ya duba ko dajin ne ya dawo kafin a ci gaba da motsa jiki.

Abin da ya rage gare mu

Masana fisiyo kaɗan ne, kuma galibinsu suna manyan asibitocin birane, kamar Cibiyar Lafiya ta Tarayya da Asibitin Ƙwararru na Yariman Bakura a Gusau. Matar Furfuri tana kusa da gari, duk da haka kuɗin mota kullum har mako huɗu ba ƙaramin abu ba ne. Ina kuma ga ta ƙauyukan Tsafe, da halin da hanyoyi ke ciki na rashin tsaro? Tun da ba kowace mace za ta iya zuwa wurin ilmin ba, sai a kai ilmin inda take.

Ga ma'aikatan hukuma ina da shawara huɗu. Ta farko, kada a sallami mace bayan aikin nono sai masanin fisiyo ya gan ta, an auna hannuwanta biyu, an ba ta takarda mai zane da bayani cikin Hausa, da boko da ajami. Ta biyu, a koya wa ma'aikatan ƙananan asibitoci, musamman mata, yadda ake awo da ma'aunin tela da yadda ake gane alamomin haɗari, domin mace ta fi sakin jiki ta buɗe ƙirjinta gaban 'yar'uwarta. Ta uku, a sa bandeji da safar hannu cikin kayan da ake saye da kuɗin hukuma da na inshorar lafiya, gama abin takaici ne a kashe dukiya mai yawa wajen aiki da haskawa, sa'an nan a rasa hannu saboda bandeji. Ta huɗu, a zauna da sarakunan aska da ungozomomi a yi musu bayani cikin girmamawa, domin su ake fara kai wa kuka, kuma in sun gane, su za su fara turo mata asibiti.

Ku kuma ɗalibai, ko wane fanni kuke karatu, kowannenku yana da uwa da inna da gwaggo. In aka yi wa wata aiki a danginku, ku tambayi likita yaushe za ta fara motsa hannu, ku sa mata alamar gawayi a bango, ku auna hannun wata-wata ku rubuta. Ku fahimtar da maigida da abokan zama cewa nauyin hannun nan gaskiya ne, kuma taimakon da ya dace shi ne a rage mata aiki a bar ta tana yi, ba a karɓe mata duka ba. Masu sha'awar aikin lafiya kuwa, musamman 'yan mata, ga fanni nan yana neman ma'aikata.

Hausawa sun ce hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka. Matar da muka ƙaddara ta tsira da ranta, kuma da bango, da muciya, da ma'aunin tela, da bandeji, da wanda zai nuna mata hanya a kan lokaci, za ta tsira da hannunta ma. Allah ya ba marasa lafiyarmu sauƙi.